Gwaggo da Mai Teku

Tun ina lakwal, 'yar makarantar boko, nake zana teku da shuɗin alli, ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan garinmu ba. Shekarar da na fara koyarwa a Tawa, ana ba mu hutu na ce sai Kwatano, a bakin teku. Babana ya ce budurwa ba ta wannan tafiya ita kaɗai, ya haɗa ni da yayarsa, gwaggona ta Takanamat, wadda ɗanta ke dako a can.

Motar kaya ta jijjiga mu har Faraku, inda jirgin ƙasa yake farawa. A jirgin ban iya zama ba. In leƙa taga, in koma, in sake tashi. Gwaggo kuwa ta shimfiɗa zane tana rarraba wa mutane kilishi kamar a tsakar gidanta.

Hutun gajere ne, hanya ta riga ta cinye rabinsa. Abin da ya rage kuma gaisuwa ta cinye. Duk wani mutumin ƙasarmu ta Adar da ke zangon Hausawa sai da muka shiga ɗakinsa. Wannan uwarsa ta aiko masa da kukar miya, wancan matarsa ta haihu a Afala. Ina jin ƙugin tekun daga bayan gidaje, ina jin warin kifi da gishiri, amma ina zaune kan tabarma ina amsa “lahiya lau”.

Safiyar da za mu koma na ce, “Gwaggo, ko ki tashi ko in tafi ni kaɗai.”

“Ke dai da gaugawa aka haihe ki,” ta ce. Amma ta ɗauki gorarta ta biyo ni.

Muka bi ta tsakanin tsofaffin gidajen fatake masu ruɓaɓɓun tagogi, muka wuce wata doguwar gada ta ƙarfe da ta kutsa cikin ruwa. Sai ga tekun, ba iyaka. Na tuɓe takalma zan ruga, ta cafke mini hannu.

“Tsaya. Wa ad da ruwan ga?”

“Ba na kowa ba ne, Gwaggo. Teku ne.”

“Karatun naku ke nan? Ko rijiyar makiyaya ba ka zura guga sai ka gaida mai ita. Ba ni taɓa ruwan mutane, ke ma ba ki taɓawa.”

A Takanamat haka ne. Na taɓa ganin an fasa wa mutum kai a kan guga ɗaya. Amma jirgi ba ya jiran kowa, rana tana ɗagawa, ni kuma ga ruwa yana zuwa har kusa da yatsuna yana komawa.

Can gefe wani dattijo yana ɗinkin komar kamun kifi a jikin kwalekwale. Gwaggo ta ja ni wurinsa, ta durƙusa, ta tambayi gidansa da gajiyarsa. Bai ji ko kalma ba.

“Hwaɗa mishi da nasaranci, baƙi na, muna roƙon gora guda.”

Na faɗa a kunyace. Ya dube ni, ya dube ta, ya yi dariya har koma ta zame daga gwiwarsa. Ya buɗe hannuwa biyu ya ce mu kwashe duka.

Gwaggo ta kwance bakin zane ta ba shi goro. Sannan ta sake ni.

Na ruga. Igiyar farko ta buge ni har ƙugu, na faɗi zaune ina ihu. Ita kuwa ta cika gora a natse, ta yi bisimilla, ta kurɓa, ta tofar.

“Shi ya sa bai yi rowa ba,” ta ce.

Da gudu muka isa tasha, jirgi na busa. Har Faraku zanena bai bushe sosai ba, gishiri na cizon cinyoyina, yashi a cikin kitsona. Gwaggo ta rungume gorar a cinya, wai za ta kai wa mutanen Takanamat su ɗanɗana, kada su ce ƙarya take.