Gezar Zakin da Nake Sayarwa

Shekarun baya ni ne babban wawan kasuwar Yauri, ga shi ina ganin duk garin babu mai wayona. Sana'ata sayar wa 'yan dambe gezar zaki su ɗinka a laya. Zakin nawa kuwa rago ne. In aske gezarsa, in rina da lalle, in turara da hayaƙi, shi ke nan ya zama sarkin dawa. Ko Inna ba ta san sirrin ba, balle ƙanena maharbi da ke zaune a Wara.

Wata rana ƙanen nan nawa ya kawo mini wani ƙulli, ya ce, "Yaya, ga irin hajarka." Na shinshina, na yi dariya a zuci, na ce yaro ya fara koyon ƙarya. Na haɗa da nawa.

Ba a jima ba ma'aikatan gandun daji suka kwashe kayana. Ko gezau ban yi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku je ku gwada. Wannan ragona ne, wancan kuma na ƙanena, ina jin jaki ya aske." Da bakina na faɗi sunansa, har da kwatancen gida.

Ashe suna da ɗakin gwaji. Wata ma'aikaciya ta ɗora sili ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Ni da ko baƙi ban iya ba, sai ga ni ina karatun gashi. Kowane sili da zane a jikinsa kamar ɓawon kifi, kowace dabba da irin nata. Ta ce, "Baba, naka duk rago ne. Wannan kuwa zaki ne."

Ni aka ja mini kunne aka sake ni. Shi ƙanena aka ɗaure shi. Inna ta rasu bai fito ba.

Yau in na zauna bakin ruwa, abin da ke cin raina shi ne ragona ne ya sa aka kashe zakin nan. Tsofaffin masunta ma sun ce sun manta rabon da su ji rurinsa daga ƙetaren kogi.

Ranar da na kai wa ƙanena fura gidan yari, bai taɓa ta ba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai ka nuna min gezar zaki abinci ce. Mi ya hana ka gaya min taka ta rago ce?"