Kafin Tafasa Ta Yi Fure

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya tashe ni ran nan, tun kafin in buɗe ido. An yi yayyafi da asuba, ruwa na ɗiga daga bakin tanti, ni kuwa ina kwance a katifa mai laushi, amma hancina ya riga ya kai ni gonar Kaka. Sai da na yi salati sannan na tuna inda nake, a kan duwatsun da ke yamma da garin Greensboro a Amurka, cikin tantin da 'yata ta kama mana.

Bari in gaya muku yadda aka yi, don ni da ƙafata ba zan kai kaina can ba. 'Yata ta fari, wadda ta gama karatu ta fara aiki, ita ta zo gidanmu na unguwar Glenwood a watan Afrilu, lokacin nan da garin fure ke rufe motoci ya mai da su rawaya, kowa na ta atishawa. Ta ce, "Mama, ki nemi hutu a wurin aiki, wikend ɗin nan za mu je kallon furanni." Na ce furanni kuma? Ga su nan birjik a bakin titi. Ta ce a'a, na daji take nufi, kuma a tanti za mu kwana, wai gilamfin ake ce masa. Ikon Allah! Mun tsallake teku mun baro bukka, yau 'yar da na haifa za ta mayar da ni bukka da sunan shaƙatawa. Sai dai tantin nasu ba irin wanda kuke zato ba ne. Akwai gado da bargo da wutar lantarki, har da makewayi mai ruwan zafi. Da Kaka ta gan shi, da ɗakin amarya za ta kira shi.

Kaka ita ce uwar Inna mahaifiyata, kuma a hannunta na tashi, a wani ƙauye arewa da Maraɗi. Gonarmu na da nisa da gari, saboda haka da ruwa ya sauka aka yi shuka, sai mu tattara tukwane mu koma can. Ana kafa bukka da kara da zana, a shimfiɗa tabarma. In ruwan ya zo da iska, mukan dunƙule wuri guda, Kaka ta lulluɓe mu da zanenta mai warin hayaƙi da daddawa. Lokacin an ba mu bakansi daga lekol, wato hutun makaranta, ba abin da ke gabana sai bin ta duk inda ta sa ƙafa.

Wanda bai yi zaman ƙauye ba zai ɗauka damina lokacin ƙoshi ne, tunda ko'ina ya yi kore. Ina! Lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, gero bai nuna ba, tuwo ya fara ƙanƙancewa a akushi. Abin da ke riƙe mu shi ne ganye. Da hantsi Kaka za ta ɗauki ƙwarya, ni in ɗauki ƙarama, mu gangara bakin fadama tsinkar tafasa. Ba ta taɓa tumɓuke ko guda. Kan nan mai laushi kawai take tsunkulewa, har farcen babban yatsanta ya rine ya zama kore, bai komawa fari sai lokacin girbi ya yi. In mun dawo ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono. Wallahi na ci abinci iri-iri a ƙasar nan, ban ci abin da ya kwanta mini a rai kamar kwaɗon nan ba.

Wata rana na yi gaba na bar ta, na iske wani wuri da tafasa ta yi fure, rawaya zalla. Na tsinko cike da hannu, na soka wasu a kitsona, na dawo da gudu ina jiran yabo. Kaka ta dube ni, ta dubi hannuna.

"Ke, a ina kika samo wannan?"

Na nuna mata.

"To can mun makara," in ji ta. "In tafasa ta yi fure, ganyen ya tsufa. Ko kin wuni kina dafawa ba zai yi laushi ba."

Ba ta cire mini furen daga kai ba, har ma ta gyara mini zaman guda. Amma daga ranar na gane cewa a wurinta fure labari yake kawowa. Furen kuɓewa na cewa a shirya wuƙa, furen wake na cewa a ƙara haƙuri kaɗan, furen tafasa kuwa cewa yake an zo a makare.

Da aure ya kawo ni Amurka, damina ce sabuwa. Kaka ta riƙe hannuna a bakin mota ta ce in yi ƙoƙari in dawo tun tafasa na ɗanya. Takarduna ba su fito da wuri ba. Ina wurin aiki aka bugo mini waya cewa an kai ta makwancinta. Da takardun suka fito na je gida sau ɗaya, cikin rani, gona ba komai sai kututturen kara. Tun daga nan kullum sai in ce baɗi. Yara na makaranta, wurin aiki ba sa ba da dogon hutu, baɗi dai. Aikina kula da wata tsohuwa ne a unguwar Irving Park. Ni ke taje mata kai, ni ke ba ta magani, alhali Inna na can idonta ya dushe, ƙanena ne ke ja mata hannu zuwa bayi. Abin nan na cina, ba na dai faɗa wa yara.

Da rana ta ɗaga muka shiga dajin. Gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi kyau. Itatuwa ba su gama fitar da ganye ba, haske na sauka har ƙasa, ƙasan kuwa ta cika da furanni: farare masu kunne uku, ƙananan shuɗi-shuɗi a gindin duwatsu, wasu rawaya a bakin rafi. 'Yata na ɗora musu waya, wayar na gaya mata sunayensu. Ni ban san lokacin da na sunkuya ba, farcena ya kama kan wani ɗan ganye mai laushi.

"Mama, no! Ba a tsinka a nan."

Na ce daji guda cur, ba abin da za a sa a tukunya? Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Sannan ta rungumo kafaɗata ta ce, "Kin ga mun zo daidai. Da mun ƙara sati, da duk sun zube."

Mun zo daidai. Na nemi wani gungume na zauna, na ce mata ƙafata ce ke ciwo. Ta ɗauke ni hoto a tsakiyar furannin, na ce ta tura wa kawunta ya nuna wa Inna.

Sai da muka hau tudu wajen azahar waya ta sake kama sabis, saƙon murya ya shigo. Na ji ƙanena yana bayyana wa Inna hoton, tunda ba ta gani. Na ji kukan akuya, na ji sautin daka daga maƙwabta. Sannan muryarta, ta ƙara siririncewa fiye da yadda na san ta.

"Wai duk sun yi fure? Ayya, ashe kun makara, ba abin da za ku samo." Ta yi dariya, tari ya katse ta. "Mu nan zafi ake, ruwa bai sauka ba, tafasarmu ko tsirowa ba ta yi ba. In kin zo da wuri kya iske ta ɗanya. Ni dai ba na ganin tsinka yanzu, amma in kin kawo zan kwaɗa miki."

Na sake saurara, na kuma sakewa. 'Yata Hausarta ba ta kai ta gane duka ba, ta tsaya tana kallon fuskata, ta ce me kakarta ta ce.

Duniya ta canza, yau mutane na tafiyar nisa don su ga fure kawai, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma na gani na yaba. Amma ni an koya mini abin da fure ke nufi tun ina da kitso biyu a kai. Na goge idona da bakin mayafi, na ce ta ajiye neman sunan furanni, ta duba mini jirgin zuwa gida, na Yamai, na farkon damina.

Ta ce, "Bana, Mama?"

Na ce bana.