Layin Inabin Gwaggo Nhan

A ƙauyenmu, tsakanin teku da duwatsun Phan Rang, ko yaron goye ya san ba a datse reshen inabi a watan bakwai. In ka datse, a watan goma zai nuna, daidai lokacin da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, 'ya'yan su farfashe a kan rumfa. Amma Gwaggo Nhan, ƙanwar babana, shekara talatin da ɗaya tana datse layi guda a wannan watan.

Mijinta Khue masunci ne. A wani watan goma guguwa ta tafi da jirginsa, ko hularsa ba a tsinta ba. Kabarinsa ma ba kowa a ciki. Shi ya dasa layin da hannunsa, shi ya sa ranar tunawa da shi take ɗora masa inabinsa a teburin magabata, inda muke ajiye wa mamatanmu abinci da turare. Shekarar da suka fashe kuwa, sai ta tsince su ta jiƙa a tulu da sukari, ta zuba masa giyar a ɗan kofi.

"Yaya Nhan, bana ma ƙudaje kike noma wa?" in ji maƙwabta.

"Su ma baƙi ne, su ci," take cewa.

Bara ta faɗi, ƙugunta ya karye. Da watan bakwai ya kama, ta kira ni bakin gado.

"Tuat, almakashi na bayan ƙofa. Gobe da safe."

"To, Gwaggo."

Ban datse ba. Ni mai wayo, na ce ina dalilin asarar layi guda, ga inabi jibge a kasuwa? Da ranar ta zo na sayo mai kyau, jawur, na jera a faranti. Aka ɗauko ta a kujera zuwa gaban teburin.

"Na ina ne?"

"Layin Kawu mana."

Ta tsinki ɗaya ta tauna, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Namu ruwan rijiya mai gishiri yake sha, ɗana. Sauke. Mutumin da ya taso tun daga teku, in ya ci wannan zai ɗauka gidan wani ya shigo, ya juya."

Na sauke, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau abin yana cina.

Ta kunna turare a gaban faranti wayam. Ban ji ta ambaci sunana ba. Ce wa Kawu ta yi ya yi haƙuri, bana ita ce ta manta.