Kuɗin Damina

Mahaifina yana da rumfar sayar da falanki a kasuwar Katako. Da rani, lokacin da kowa ke rububin rufa gininsa kafin ruwa ya sauko, kafintoci har layi suke yi masa. A watannin nan gidanmu ba ya rabuwa da nama, kuma duk wanda ya zo da kuka sai Baba ya share masa hawaye. Da damina ta kankama sai ciniki ya mutu. Mu koma tuwo da miyar kuka, Mama ta fara ɗaga zannuwanta tana duba wanda za ta kai wa dillaliya. Haka na taso na gani kowace shekara, har na ɗauka haka rayuwa take.

Ina aji biyu a jami'a, can Titin Bauchi, wajen shekara ta dubu biyu da huɗu, aka koya mana fitar da matsakaici: a tara abu gaba ɗaya, a raba shi daidai. Wata Asabar na kai wa Baba abinci rumfa, na same shi zaune a kan tulin katako ba mai saye. Na ce, "Baba, da za a haɗa ribar rani da ta damina a raba gida goma sha biyu, kowane wata a ba Mama kashi ɗaya, ai ba za mu ƙara shiga wannan halin ba."

Ya yi dariya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, wato da rani ma in riƙa cin tuwo gaya, kuɗi na aljihuna?"

Na ce, "Ba gaya ba, Baba. Tsaka-tsaki."

Bai yarda ba a ranar. Amma da rani ya zagayo, sai ga shi yana kirana in zauna mu yi rabon. Ya sha wuya, don mutum ne mai sakin hannu. Abokansa na kasuwa suka riƙa tsokanarsa wai oga ya koma makaranta wajen 'yarsa. Shi kuwa har alfahari yake yi. Daminar da ta biyo baya, Mama ba ta sayar da ko ɗankwali ba, ƙannena uku ba wanda aka koro don kuɗin makaranta. Ban taɓa ganin Baba cikin natsuwa irin ta wannan shekarar ba. Yakan zauna a baranda yana kallon ruwa, yana shan kunu, ba ya ƙorafin kasuwa.

Rani na gaba ya yi ciniki sosai, ya ware kuɗin damina tun da wuri. Ana saura kaɗan ruwa ya sauko ya yanke jiki ya faɗi a rumfa. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magani, gwaji, kuɗin gado, a cikin 'yan makonni abin da aka ware ya ƙare.

Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sosai. Wata rana ina ba shi shayi a cokali ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Na damina?"

Na ajiye cokalin. Mama ce ta matso ta ce, "Malam, an yi maka magani da shi. Damina kuma ta Allah ce."

Ya juya fuskarsa bango. Hawaye na bin gefen kunnensa har kan matashi. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Bai ƙara tambayar komai ba, kuma bai ga ruwan farko ba.

Bayan an share makoki, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista da muke kira Mama Babba, ta riƙa kawo mana gwate, wato faten tsaki da ganye, a babbar kula har muka ɗan dawo hayyacinmu. Da wata ya ƙare Mama ta ce in duba mudu nawa na shinkafa da masara za a auno. Na yi lissafin na faɗa mata. Ta ce, "Na mutum nawa kika yi?"

Sai a lokacin na lura na mutum shida na yi. Na ce bari in gyara.

Ta ce, "Bar shi haka."

Kullum ta sauke tukunya sai ta zuba kwano na shida, ta rufe, ta aika wa masu dakon katako da suka yi aiki da Baba. Rumfar kuwa ƙanensa ya riƙe ta shekara guda, ciniki ya gagare shi, aka sayar wa wani. Ranar da za a miƙa makulli ni na je na kwaso butar Baba da dardumarsa. Sabon mai rumfar ya tambaye ni ko ni ce 'yar jami'ar da marigayi ke yawan ba su labari. Na ce ni ce. Na rungume kayan na tare acaɓa, ban iya faɗa wa mai babur inda za ni ba sai da muka wuce kasuwa.