Kwana Ukun Inna a Gidan Surukinta

Ni ce 'yar farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in kuwa da mutane a wurin sai ta aiko a kira ni. Haka ake yi a wajenmu, can gefen Ɗansoshiya, kuma ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba. Sai dai yana sa magana ta yi nauyi a tsakaninmu. Abin da ƙanwata za ta faɗa mata tana kwance a cinyarta, ni sai in yi sati ina juya shi a raina.

A hutun ƙarshen shekarar da nake ba da labari, ina ɗauke da maganar da ta fi ƙarfin bakina. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kano zuwa Fatakwal, kuma a watan Janairu za mu tattara mu tafi. Daga Kano, in na yi sammako nakan isa gida kafin azahar. Daga Fatakwal kuwa, sai in shekara ban ga Inna ba. Na kasa faɗa mata a waya. Sai na ƙulla dabara: in sa a kawo ta ta yi mana kwana goma, mu zaga gari da ita, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta ci daɗi, in na ga ranta ya yi fari sai in faɗa mata. Na roƙi maigidan da yaran kada kowa ya riga ni.

Maigidana mutum ne mai kirki, har kirkin nasa yakan yi yawa. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a bariki ya tashi, inda suruki da suruka ke zama a falo ɗaya suna kallon talabijin. Da jin shirina ya ɗauki hutu, ya zauna ya rubuta wuraren da za mu je a takarda, ya manna a jikin firij. Ban taɓa ganin yana ɗokin baƙo haka ba.

Ranar Laraba Inna ta iso, cikin sanyi, da buhunta da jarkar nono da fura a ƙwarya. Shi da kansa ya je tasha. Ya karɓe mata kaya, ya buɗe mata gaban mota, yana ta "Sannu da hanya, Inna." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta buɗe baya ta shiga. Ni na san furar nan guzurinta ce, ta kawo ta ne don ta riƙa damawa a ɗaki. Shi kuwa ya ɗauka tsaraba ce. Kafin in gama sauke tukunya ya raba wa maƙwabta rabi, ya dama sauran, ya zauna shi da 'yan matanmu biyu suka shanye yana yabon nonon ƙauye.

A wajenmu mace ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta. Ko a gidansa ne, in dole ta sa ta kwana, sai dai ta taɓa ta ture, kada a fito da kwano wayam a ce surukar ta share shi. Na san wannan sarai. Abin da ban yi tunani ba shi ne gidanmu ɗaki biyu ne da falo, kuma mai gidan ya ɗauki hutu ba inda za shi.

Na kai mata tuwo ɗakin yara. Ko minti biyar ba a yi ba ya ƙwanƙwasa.

"Inna, gishiri ya ji? Ko a ƙaro nama?"

"Alhamdu lillahi," in ji ta, tana fuskantar bango.

Kwanon ya fito kamar yadda ya shiga, sai ɗan gurbin yatsu uku a gefe. Na ja shi kicin na ce ya daina leƙa ta in tana cin abinci, mu ba ma haka. Ya yi dariya ya ce, "Haba, ai wannan zamanin da ne. Inna uwata ce." Gaskiya ya kamata in tsaya in yi masa bayani dalla-dalla, amma na ji nauyi. Shekara tara ina nuna masa mutanenmu sun waye, ban so ya ce ashe haka muke ba.

Da asubar Alhamis Inna ta gaya wa babbar jikarta, ba ni ba, cewa ta ɗauki azumi. Inna ba ta ƙarya, don haka azumin gaske ta ɗauka, don kada a tambaye ta abinci. Da azumin a bakinta muka shiga gidan zu. Yara na ta guje-guje cikin rigunan sanyi, maigidan na gaba yana karanta mata allunan da ke jikin keji, ni kuwa ina baya ina kallon yadda take ɗaga ƙafa. Zaki bai burge ta ba, ta ce barci kawai ya iya. A gaban kura ta daɗe. Ta ce da yarinyar, "Wannan a dajinmu ta fi haka ƙiba. Ta ga idon mutane ya yi mata yawa."

Daga nan muka wuce gidan adana kayan tarihi. Nan ne kaɗai na ji dariyarta a ranar. An jera akushi da ludayin duma da dutsen niƙa da tukunyar ƙasa a cikin gilashi, wani saurayi mai sanda yana bayanin yadda mutanen da suke amfani da su.

"Gaya wa uwarki," in ji ta, "kayan ɗakina ne aka kulle. Ashe ni mutanen da ce."

Na ce a raina yanzu ne lokacin. Na matso kusa da ita, na buɗe baki, sai ga maigidan da waya a hannu yana cewa mu tsaya a yi hoto. Ta koma bayan yara ta sunkuyar da kai. Maganar ta koma cikina.

Da magariba na yi murna, na ce ko ba komai mai azumi dole ya sha ruwa. Na soya ƙosai, na dama kunu. Ina juyowa na tarar maigidan ya shimfiɗa tabarma a falo, ya jera dabino da kankana, ya ce ai lada ne a zauna da mai azumi. Inna ta ɗauki dabino ɗaya, ta kurɓi ruwa, ta tashi ta ce za ta yi salla. Na bi ta da kunun. Ta sha kamar ludayi biyu ta miƙa wa ƙaramar. Haushi ya kama ni, na rasa haushin wa zan ji, shi ko ita ko kaina.

Azumin Alhamis an saba da shi, na Juma'a kuwa sai an tambayi dalili, don haka Inna ta rasa mafaka. Ta sha shayi da safe, shi ke nan. Bayan an sauko daga masallaci muka tafi babban kantin nan mai matakalar da ke tafiya da kanta. An ƙawata ko'ina da fitilu masu launi saboda hutu, kiɗa na tashi, mutane maƙil. Inna ta ƙi hawa matakalar, ta ce ita ƙafarta lafiya lau. Muka zagaya ta ɗaya gefen. A rabin hawa na ga ta dafa bango ta tsaya, wai tana gyara takalmi. Matar da ke zuwa kasuwar Kiru a ƙafa ta dawo ta ɗora tuwo, ita ce matakala goma sha wani abu ta tsayar.

A filin bayan kantin an kafa dandamali ana wasa. Aka yi rawar koroso, aka yi wasan dariya, sannan wasu 'yan mata suka fito da shigar Fulani, ƙwarya a ka, suna tallan nono da wata irin Hausa a karye. Jama'a na ta tafi. Dangin uwar Inna makiyaya ne, na saci kallonta ina tsoron ko ranta ya ɓaci. Murmushi take yi. Ta ce da babbar jikarta, "Ƙwaryar nan ba komai a ciki. Da da nono, da wuyan bai yi wannan rawar ba." Ni dai ban ga rabin wasan ba. Ina ta tashi ina zama, ina duba agogo, ina shirya yadda zan fara: in ce an yi masa ƙarin girma ne, ko in fara da cewa akwai jirgin sama. Duk wadda na ɗauko sai in ji ba ta dace ba.

Bayan la'asar maigidan ya kai mu wurin da ya fi ɗoki a duk jerin nasa, wani gidan abinci a saman bene. Irin wanda ake jera manyan tukwane a buɗe, kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi abin da ransa ke so. Teburin gilashi ne, bangon kuma madubi, duk inda ka juya kanka kake gani da wanda ke gabanka. Ya ja wa Inna kujera, ya zauna daidai saitinta. Ya tashi ya cika mata faranti da kansa: soyayyar shinkafa, kaza, kifi, hanta, har da wani abu mai zaƙi a ɗan kofi.

"Bismilla, Inna. Yau fa ba azumi."

Ƙamshin na dukan fuskarta. Na ga maƙoshinta ya motsa. Ta ɗauki cokali mai yatsu ta juya shi, ta ajiye, ta jawo ƙaramar jikarta ta fara ba ta a baki. Haka ta yi ta ɗura wa yarinyar har ta ce cikinta zai fashe.

Fuskarsa ta canza. A karon farko na ga abin ya taɓa shi. Da muka sauko, Inna da yara suna gaba, ya rage murya ya ce, "Ki faɗa min gaskiya. Na yi mata wani laifi ne?"

"Laifinka ɗaya, ka ƙi matsawa!" na ce, da ƙarfin da ban yi niyya ba. "Kwana uku matar nan ba ta ci abinci ba saboda kai."

Ya tsaya cak a kan matakala. Ya ce gobe zai fita tun safe, ba zai dawo ba sai bayan isha, kuma haka zai yi ta yi har ta tafi. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar kaina, don da na yi wannan bayanin tun Laraba da ba a kai nan ba.

Amma mun makara. Da safiyar Asabar na tarar Inna ta ɗaure buhunta. Ta ce akuyarta ta kusa haihuwa, kuma ba ta yarda da wadda ta bar wa ba. Na ce saura kwana bakwai. Na ce ba mu hau Dala ba, ba mu shiga kasuwar Kurmi ba. Na ce shi ma fita zai yi. Wannan ta ƙarshen ita ta ɓata komai, don ta gane an yi maganarta. Ta ce, "A kori mutum daga gidansa saboda ni? Allah ya kiyaye."

Na ce to ni zan raka ta. Muka hau bas daga tasha, aka matse mu a kujerar baya, kafaɗata a jikin tata. Tun daga fitowarmu gari har muka wuce mararrabar Bebeji ina cewa in an wuce wancan ƙauyen zan faɗa. Ƙauyen ya wuce, in sa wani.

A Kwanar Dangora muka sauka, inda za ta sami motar da za ta ƙarasa da ita. Masu rake da masu awara suka yanyame mu, 'yan acaɓa na ta kira. Inna ba ta kula kowa ba. Ta miƙe zuwa wata rumfar mai abinci, ta wuce bencin gaba, ta shiga can ciki bayan buhunan da aka kare wurin da su. Ta ce a zuba mata shinkafa da wake da mai da yaji. Ta juya wa titi baya ta fara ci da hannu.

Ban taɓa ganin Inna na cin abinci haka ba. Ba ta ɗago ba har ta gama, ta ce a ƙaro. Ina zaune a gefe, hawaye na zubo min, ina goge su da bakin mayafi. Na kawo ta birni ta ci daɗi, ga abin da na yi mata.

Ta wanke hannu, ta sha ruwa, ta yi hamdala. Kwandasta a waje na kiran saura mutum biyu. Sai maganar ta fito da kanta, ba yadda na shirya ta ba.

"Inna, an mayar da shi Fatakwal. Wata mai kamawa za mu tafi."

Ta daɗe tana goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Da nisa?"

"Kwana ake yi a hanya."

"Shi ya sa aka yi ta yawo da ni?"

Na gyaɗa kai. Ta miƙe, ta ɗaga buhun, na taya ta ɗorawa a ka. Har ta kai bakin rumfar ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ke ma dai," in ji ta. "Da kin faɗa min tun a can, ai da na zauna na cika kwana goman. Yunwar sati ɗaya me za ta yi min?"