Kwalbar Ruwan Teku

Akwai wani yini na azumi, a farkon shekarun 1980, da ba zai bar raina ba sai ranar da aka binne ni. Lokacin ina dillancin auduga da hatsi a Funtua, ina ganin babu hajar da zan kalla in kasa sanin amfaninta.

Ƙanena malami ne a jami'a. Aikinsa koyarwa da bincike a kan yadda za a haƙo mai da gas a cikin teku ba tare da an kashe kifi an ɓata ruwan mutane ba. Ni kam nakan tsokane shi in ce ɗan manomi ya rasa abin yi sai gadin kifin wasu. Ya dawo daga kudu da akwati cike da kwalabe, ruwan da ya ɗebo kusa da rijiyoyin mai, ya ajiye a shagona kafin ya wuce da shi ɗakin gwaji.

Da hantsi wani dattijo da nake sayen audugarsa ya zo daga wani ƙauye gaba da Bakori. Ya daɗe yana fama da ciwon ciki. Da ya ji ruwan teku ne sai ya matso, don a wajenmu kowa ya yarda ruwan teku magani ne. Na ga kwalabe sun fi ashirin, na zare ɗaya na ba shi. Ya ce da shi zai buɗe baki.

Bayan la'asar ƙanena ya ƙirga kayansa, ya juyo.

"Yaya, ina kwalba ta goma sha biyu?"

Na gaya masa ina dariya. Shi bai yi ba.

"Na zuba musu maganin da ke hana ruwan canzawa. Guba ce. Ga shi a rubuce!"

A rubuce yake kuwa, da Turanci, wanda ni da dattijon ba mu karantawa.

Muka faɗa a-kori-kurata. Damina ce, muna sauka daga kwalta taɓo ya riƙe ƙafafun baya. Rana ta yi ja tana gangarawa bayan dawa. Muka bar motar a buɗe, muka yanki gona da gudu, ni da tumbina da azumi a baki. Muna hango rufin gidajen aka fara kiran salla.

Mun tarar da shi a tabarma, ga kunu a gefe, ya cire murfin kwalbar yana bisimilla. Ƙanena ko sallama bai yi ba, ya kaɓe ta daga hannunsa, ta fashe a kan dutse.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Haba Alhaji! Kyautar ce ka biyo har gida? Da ka aiko ai na mayar maka."

Na durƙusa na kama hannunsa ina haki, sai ƙanena ne ya yi bayani. Dattijon ya turo mana ƙwaryar kunu ya ce mu sha, mun fi shi bukata.

Gwajin wurin da aka ɗebo wannan kwalbar ya lalace, sai da ƙanena ya sake komawa teku, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Daga ranar yana rubuta "guba" da jan fenti, da boko da ajami, a jikin kowace kwalba. Ni ma na daina tsokanarsa da gadin kifi. Har yau abin da ban san mene ne ba, ba na sayarwa, ba na kyautarwa, sai na nemi mai shi na tambaya.