Tambayar da Anti Sikeli Take Yi

Lokacin da yayanta ya hau sikeli a asibiti, wata nas ta ce, "Sarkin tantabaru, nawa suka ƙyanƙyashe?" shi kuma ya ce, "Na bayar da su."

Ƙanwar tana gefe riƙe da kalandar gida. Shekara shida ke nan, duk ranar da farfaɗiya ta kayar da shi sai mahaifiyarsu ta zagaye ranar da jan biro. Wata huɗu a jere babu ja ko ɗaya, shi ya sa ta naɗo kalandar don likita ya gani. Ita ce ta gama jami'a, ita ke karanta wa gidan takardun magani, amma ba ta ma san akurkin ya zama wayam ba.

Anti Sikeli ake ce wa nas ɗin. Ta fi shekara ashirin a lungun nan na bakin ƙofar likita, da kujerar roba, da sikelin da sai ta shure shi kafin allurarsa ta motsa. Aikinta awo ne kawai. Sai dai kowane mai farfaɗiya ta riƙe abu guda da yake so, wani ƙwallo, wata kitso, kuma shi take tambaya kafin ta dubi lamba. Idan mutum ya cika ta da surutu sai ta ce, "Sauka, ka ishe ni, lafiyarka ƙalau."

Yau ba ta ce sauka ba.

"Har da farar nan mai gurguwar ƙafa?"

"Har ita."

Ta jawo labule, ta zaunar da shi a kujerarta. Ta tambayi barcinsa da cin abincinsa. Ƙanwar ta yi caraf ta ce, "Anti, ai maganin ne ke sa shi kasala. Ga kalanda, ya samu sauƙi."

"'Yata, kalandarki faɗuwa kawai take gani. Ɗan ba mu wuri."

Daga bayan labule ƙanwar ta ji tambayar, a sanyaye, babu kewaye-kewaye: "Ɗana, ka taɓa jin gara a ce ba ka duniya?" Sannan ta ji yayanta, wanda bai yi kuka ba ko ranar da ya fasa goshi a bakin famfo, yana shessheƙa.

Anti Sikeli ta tsallake layi da shi, masu jira suna gunaguni. "Ku yi haƙuri, iyayena, sikelin ba guduwa zai yi ba."

Likita ya ce ciwon damuwa yakan raɓi masu farfaɗiya, wani lokaci kuma maganin ne ke jawo shi, kuma kada a kuskura a daina sha. Ya ce kada a bar shi shi kaɗai.

Da za su fita, nas ɗin ta kama hannun ƙanwar. "Daina tuhumar kanki. Je ki roƙo masa gurguwar nan."

Maƙwabcin da aka ba wa tantabarar ya dawo da ita. Ƙanwar ce ke zuba mata hatsi, yayan yana kallo daga taga, bai fito ba tukuna. Ranar Alhamis likitan ƙwaƙwalwa zai gan shi. Har yanzu ba su san ko maganin ne ko ciwon ba.